Idan bindiga ta tashi a cikin gida: wa ke da ikon cewa an yafe?

A arewacin Kamaru bindiga ba baƙuwa ba ce a cikin gida. Akwai ta gado, wadda kakanni suka yi farauta da ita a dazukan Binuwai da Faro, har yau tana jingine a ƙuryar ɗaki, ba mai tuna ranar da aka yi mata ɗurin ƙarshe. Akwai ta 'yan bindigar fada, masu cika ta da albarushi ranar hawan salla a ƙofar lamiɗo, wato sarkin ƙasa. Akwai kuma wadda tsoro ya sayo, tun daga zamanin zargina masu tare hanya, zuwa masu sace makiyaya don kuɗin fansa a Mayo-Rey da jihar Adamawa, zuwa Boko Haram da ta hana ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga barci tun 2014, har mutane suka kafa 'yan sintiri da bindigogin ƙirar maƙera. Ko wace iri ce, ɗaki ɗaya take kwana da mata da yara. Saboda haka ranar da ta tashi ba da nufin kowa ba, da wuya ta sami bare. Ƙane take samu, ko matar gida, ko yaron da ya tsuguna yana kallon babansa yana goge ta.

Abin da ke biyo baya kusan kowa ya san shi. Dattawa su taru a zaure, wanda abin ya faru a hannunsa yana gefe ya kasa ɗaga kai. Wani kawu ya ce, "Ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Mun rasa ɗaya, kada mu rasa biyu." A tura wa jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, a roƙe shi maganar ta tsaya nan. A yi wanka, a yi sutura, kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa. Wanda ya tambaya a ce masa ciwon farat ɗaya ne, ko kuwa a ce shi ne ya harbi kansa wajen gyaran bindiga.

Tausayi ne ke sa dattawan nan yin haka, ban musa ba. Amma suna yafe abin da galibi ba nasu ba ne. Jinin da aka zubar bisa kuskure masu binsa uku ne: hukuma, magadan mamaci, da Ubangiji. Kowanne da hanyar da ake sauke nasa, kuma kasancewar mai harbin ɗan gida ne bai soke ko ɗaya ba.

Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru, wadda aka sabunta ranar 12 ga Yulin 2016, ta tanadi wannan lamari a sashe na 289. Duk wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar rashin ƙwarewa, ko sakaci, ko ganganci, ko ƙin bin ƙa'idojin da aka shimfiɗa, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 ne, ko tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Wannan sashen ne ake tuhumar direban da ya take mutum a hanyar Garwa zuwa Marwa da shi, shi ne kuma na mai bindiga. A lura, ba a buƙatar niyya ko kaɗan. Mutum ya rantse da Alƙur'ani bai yi nufin kashe ƙanensa ba, alƙali ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma duk da haka ya same shi da laifi, domin tun farko ba niyyarsa ake tuhuma ba, hannunsa da hankalinsa ake tuhuma.

Hanyoyi huɗun nan ba ado ba ne. Wanda bai taɓa koyon bindiga ba ya ɗauki ta yayansa yana jujjuyawa, yatsa a kan kunama, rashin ƙwarewa ke nan. Wanda ya dawo daga sintiri ya jingine ta da harsashi a ciki ya tafi masallaci, sakaci ne. Wanda ya saita ta ga ƙanwarsa don ya ba ta tsoro a yi dariya, yana cewa ai ba komai a ciki, ko ya harba sama a tsakiyar taron biki, ganganci ne. Wanda ya riƙe ta ba takardar izini, ko ya yi harbi inda aka hana, ya saɓa ƙa'ida. Ɗaya daga ciki ta isa, muddin ita ce ta kai ga mutuwar. Wanda kuma ya ce ya sha giya ko tiramol ne hankalinsa ya gushe, bai kawo uzuri ba, tunda shi ya sha da kansa.

To ina maganar ƙaddara? Dokar ma ta san akwai haɗarin da ba hannun kowa a ciki. Sashe na 77 ya ɗauke laifi daga wanda abu ya auku a hannunsa ta tsautsayi tsantsa, wanda ba mai iya hangowa balle ya kauce masa. Sai dai a sha'anin bindiga wannan ƙofa ƙunci gare ta ainun. Bindiga ba ta ɗura kanta. Wani ne ya zuba albarushi ko ya sa harsashi, wani ne ya ɗana kunama, wani ne ya bar bakinta yana kallon inda mutum yake zaune. Alƙali zai bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya yana neman inda mai hankali zai tsaya, kuma kusan kullum sai ya samu. Ko bindigar maƙera da ta fashe a hannu ta kashe na kusa, za a tambaya ko an yi mata ɗurin da ya fi ƙarfinta, ko an san ta tsage aka ci gaba da amfani da ita.

Abin da ya kamata iyali su fi jin tsoro ba sashe na 289 ba ne. Maƙwabtansa ne. Idan ya tabbata mutum ya yi nufin ji wa ɗan'uwansa ciwo, misali ya harbe shi a ƙafa cikin fushi don ya koya masa hankali, jini ya ƙare masa ya mutu, an bar sakaci an shiga sashe na 278, dukan da ya kai ga kisa, ɗaurin shekara 6 zuwa 20. Idan nufin kisan ne ya tabbata, sashe na 275 ne, ɗaurin rai da rai. Idan an shirya shi tun da wuri, sashe na 276 ne, hukuncin kisa, ko da yake rabon da Kamaru ta zartar da shi tun 1997. A nan ne dangantaka ke shigowa, kuma ba sauƙi take kawowa ba: sashe na 351 ya mai da hukuncin wanda ya kashe mahaifinsa ko mahaifiyarsa da gangan ya zama kisa, sashe na 350 ya yi haka ga wanda ya kashe yaron da bai kai shekara 15 ba. A kisan sakaci kuwa, doka ba ta ƙara ba ta rage don wanda ya mutu ɗan'uwa ne. Ko kotun da za ta saurari shari'ar ma ta bambanta. Kisan sakaci matsakaicin laifi ne, kotun matakin farko ke yinsa. Sauran manyan laifuffuka ne, sai babbar kotu.

Tsakanin wata 3 da rai da rai, me ke rarrabewa? Ba rantsuwa ba ce, ba kuma hawayen wanda ake tuhuma ba. Ƙananan abubuwa ne da ke nan a awannin farko, daga baya su ɓace: inda harsashi ya shiga da inda ya nufa, ko akwai ƙunar albarushi a riga da ke nuna an harba a kurkusa, inda kowa yake tsaye, halin da kunamar bindigar take, abin da maƙwabta suka ji kafin ƙarar, hira da dariya ko cacar baki. Jandarma zai kuma bincika ko akwai tsohuwar rigimar gona, ko ta shanun gado, ko ta mace tsakanin mutanen biyu, kuma gida nawa ne babu irin wannan ko da 'yar kaɗan? Wanda da gaske kuskure ya yi, waɗannan shaidu su ne gatansa. Iyalin da suka wanke jini, suka ƙona riga, suka jefa bindiga a rijiya, suka binne gawa likita bai gani ba, hujjar ɗansu suka binne tare da ita.

Akwai wani yanayi da ya fi kowanne wuyar warwarewa, kuma ya dace da zaman ɗar-ɗar da ake yi a rugage da ƙauyukan kan iyaka. A ɗauka magidanci ya ji motsi a garke cikin tsakar dare, a yankin da aka sha sace mutane. Ya ɗauki bindiga ya harba cikin duhu, gari ya waye ashe ƙanensa ne ya fita duba saniya mai naƙuda. Mutanen gari za su kira wannan kuskure, kuma ta wata fuska kuskuren ne. Amma a idon doka ya harba ne da nufin ya sami mutum, kuma kuskuren gane wanda aka harba ba ya goge niyyar harbin. Abin da zai cece shi shi ne ya nuna yana da dalilin da mai hankali zai gaskata cewa farmaki ake kawo masa. Sashe na 84 ya halatta kare kai, da sharaɗin barazanar ta kasance ta nan take, martanin kuma ya yi daidai da ita. Ya yi magana kafin ya harba? Ya haska tocila? An taɓa kawo wa rugar hari? Ya san ƙanen nasa na da al'adar fita da dare? Amsoshin nan ne za su sa shari'ar ta sauko zuwa sashe na 289 ko ta haura sama. Wanda ya harba kan motsi kawai, bai ga kowa ba bai kira kowa ba, ni dai ban ga yadda zai fita fes ba.

Wani abin da tsoro ke jawowa shi ne jinkirin kai wanda aka harba asibiti. An san raunin harsashi ba ya ɓoyuwa, ana kai shi za a yi tambaya, sai a tsaya ana ɗaure ciwo da tsumma ana neman wanzami ko mai ɗori, har jini ya ƙare. Sashe na 283 ya hukunta wanda ya ƙi agaza wa mutumin da ke cikin haɗarin mutuwa alhali yana da halin yi, da ɗaurin wata 1 zuwa shekara 3, ko tara, ko duka biyun. Wannan bai tsaya kan mai harbi ba. Ya shafi duk babban da ke tsakar gidan ya ce a dakata tukuna.

Sai maganar "mun yafe". Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta 27 ga Yulin 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta lissafa a sashe na 62 abubuwan da ke kashe tuhuma: mutuwar wanda ake zargi, wucewar wa'adi, afuwar ƙasa, soke dokar da sauransu. Janye ƙara yana ciki, amma a wasu laifuffuka kaɗai, kamar waɗanda tun asali ba a iya tuhumarsu sai wanda aka cuta ya kai kuka. Kisa ba ya cikinsu, na niyya ko na kuskure. Ƙarar ta al'umma ce, mai gabatar da ƙara na gwamnati ke riƙe da ita, shi ke da ikon ya rufe fayil ko ya kai kotu. Lamiɗo, da duk girman rawaninsa, dokar 15 ga Yulin 1977 mataimakin hukuma ta ɗauke shi. Yana sulhu, alƙalin fadarsa na raba gardamar aure da gado, amma shari'ar rai ba ta hannunsa.

Wannan ba ya nufin yafiya ba ta da amfani a kotu. Tana da shi, babba ma. Iyali na da cikakken ikon su ƙi neman kuɗin diyya a gaban alƙali. Shi kuma alƙali yana da damar sassauci: zai iya tsayawa kan tara, zai iya yanke ɗauri ya jingine shi ga wanda ba a taɓa ɗaurewa ba, ya koma gida da sharaɗin kada ya sake wani laifi cikin wa'adin da aka sa. Mahaifin da ya tsaya gaban kotu ya ce, "Ranka ya daɗe, duka biyun 'ya'yana ne, ɗaya na kabari, ga ɗayan nan, ƙananan yaran mamacin ma shi ke ciyar da su," ya faɗi abin da alƙali zai saurara. Mutumin da ya kai kansa ofishin jandarma da ƙafarsa ya miƙa bindiga, ba ɗaya yake da wanda aka tono maganarsa bayan wata shida ba. Gaskiya ne tsarewa akwai ɗaci. Doka ta ce awa 48 ne, ana sabunta su sau ɗaya, sai kuma ƙarin da mai gabatar da ƙara ya amince da shi a rubuce, kuma kowa ya san cunkoson gidajen yarinmu da yadda zaman jiran shari'a ke jan ƙafa. Tsoron iyali yana da tushe. Sai dai abin da suke gudu ya fi abin da suke jawowa sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu a dawo zaure, tunda dattawan da sunan addini suke magana. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ba ta bar kisan kuskure haka nan ba. Ta ɗora abu biyu: 'yanta baiwa ko bawa mumini, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci sai fa in sun yi sadaka da ita. Wanda bai sami abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Na farkon kaffara ce, haƙƙin Allah, kuma yau da babu bayi azumin ne ya rage. Ba uba, ba uwa, ba lamiɗo da zai yafe ta. Kuskure ne ma ya wajabta ta. Ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami mala'iku na tsine masa har sai ya bari, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wani hadisin ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya soki wani. Wato tun kafin a zo ga mutuwa, wasa da makami kansa abin zargi ne. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci nauyinsa ba, in ba haka ba da ayar ba ta sauka da hukunci ba.

Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato fiye da kilo 4, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure ba mai kisan kaɗai ke biya ba. Danginsa maza na wajen uba, waɗanda malamai ke kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara 3, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi daga Ngaundere har Injamena, shi ma yana ba da kasonsa kamar ɗayansu. Hikimar a fili take idan wanda ya mutu ɗan wani gida ne: gidan nan su biya, gidan can su karɓa. Amma idan wa ya harbi ƙane, masu biya da masu zaman makoki gida ɗaya suke. A nan ne ake yin abin da ya fi damuna a duk wannan lamari.

Diyya dukiyar mamaci ce, ana raba ta yadda ake raba gado. Matarsa tana da kaso. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta daga diyyar mijinta, sai ya koma kan haka. To a ɗauka mamacin ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji ƙarami, da mahaifiya. Matar na da ɗaya bisa takwas, mahaifiya ɗaya bisa shida, saura na yaron ne. 'Yan'uwan mamaci da baffanninsa ba su da ko ƙwandala, ɗan ya katange su. Amma su wa ke zaune a zaure suna cewa an yafe? Su ne. Su ne kuma aƙilar da biyan ya hau kansu. Mai bashi a kansa ne ya tashi ya yafe wa kansa bashin. Matar tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya tambaye ta, in ma an tambaye ta wace ce za ta buɗe baki gaban surukai ta ce tana bin ƙanen mijinta diyya? Yaron kuwa maraya ne, kuma waliyyi ba shi da ikon ya kyautar da dukiyar maraya a banza. Mahaifiya na iya yafe nata kason, kamar yadda Huzaifa ɗan Yamanu ya yafe diyyar mahaifinsa da Musulmi suka kashe bisa kuskure ranar Uhudu. Nasa ya yafe. Bai yafe na wani ba.

Ba cewa nake a sayar da gonaki a tara kilo huɗu na zinariya ba. Sulhu a kan abin da ya gaza haka yana yiwuwa, kuma shi ne abin da hali zai bayar. Amma sulhu na gaskiya sai an ambaci haƙƙin, an san na wane ne, an rubuta abin da aka ware wa marayu, shanu ne ko gona ko ɗaukar nauyin karatu, da shaidu. Alkawarin baki na "ai 'ya'yanmu ne, za mu riƙe su" yakan kai shekara ɗaya ko biyu, sai matar ta yi wani aure, yaran su watsu gidajen dangi.

Shi kuma mai harbin, yana gadon wanda ya kashe? Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta fayyace: mai kisan ganganci ba ya gadon dukiya ba ya gadon diyya, mai kisan kuskure yana gadon dukiya amma ba ya cin komai daga diyya. Sauran mazhabobin uku sun fi tsanani, sun hana shi gadon gaba ɗaya. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin wani mutum daga ƙabilar Mudlij da ya jefi ɗansa da takobi, ya same shi a ƙwauri, jini ya zuba har ya mutu. Sayyidina Umar ya karɓi diyya mai tsanani, raƙuma 100 har da 40 masu ciki, ya miƙa wa ɗan'uwan mamacin, uban bai sami komai ba. Malikawa ba su raba kisa sai gida biyu, ganganci da kuskure, amma sun ware irin wannan na uba da ɗansa, suka ce diyyar daga aljihun uban za ta fito, ba daga dangi ba. Dokar farar hula da ake aiki da ita a yankin Kamaru mai amfani da Faransanci ta zo kusa da wannan: sashe na 727 ya hana gado ga wanda aka yanke wa hukunci kan kashe mamaci ko yunƙurin kashe shi, kuma ana fahimtarsa a kan kisan niyya, ba na sakaci ba. Ke nan ko rabon gado bai yiwuwa daidai sai an tantance wane irin kisa ne, kuma ba a tantancewa da shiru.

A ƙetaren kogin Logone matsalar ta juya baya ne. A Cadi diyya tana da ƙarfi ƙwarai, har takan maye gurbin kotu, a ɗora wa ƙabila ko ƙauye sukutum biyan abin da mutum ɗaya ya yi, masu kuɗi su biya su wuce. Shi ya sa tsarin mulkin ƙasar na 1996 ya rubuta ƙarara cewa biyan diyyar gargajiya ba ya hana hukuma gurfanar da mai laifi, ya kuma haramta ɗora wa jama'a laifin mutum guda. Bahaushen Kusiri da ke da 'yan'uwa a Injamena zai tarar ƙa'idar ɗaya ce a gaɓa biyun: a biya ko a yafe, hukuma na nan da nata.

Saura wanda ba a cika kallo ba, wato mai bindigar, idan ba shi ya harba ba. Yaro ɗan shekara takwas ya jawo ta daga ƙarƙashin gado ya harbi ƙanwarsa. Sashe na 80 ya ce wanda bai kai shekara 10 ba babu laifi a kansa sam. Daga 10 zuwa 14 sai matakan gyaran tarbiyya, daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi da rangwame. A fiƙihu ma gangancin yaro kuskure ake ɗaukarsa. To laifin ya tashi a iska ke nan? A'a. Yana komawa kan babban da ya ajiye bindiga da ɗuri inda hannun yaro zai kai, kuma sashe na 289 ya ishe shi, ko da yana kasuwa lokacin da abin ya faru. Uba ne da ya rasa 'yarsa, kuma shi ne wanda ake tuhuma. Na san da wuya zuciya ta karɓi wannan, amma in aka ce ba laifin kowa, an ce ran yarinyar bai kai a tambayi dalilin tafiyarsa ba.

Ita kanta bindigar tana da tata shari'ar daban. Dokar 14 ga Disambar 2016 kan makamai ta kasa su rukuni takwas, ta kuma sa riƙe ta farauta ko ta kare kai sai da izinin hukuma. A Afrilun 2018 ministan harkokin cikin gida, Paul Atanga Nji, ya dakatar da sayar da bindigogi a jihohi shida, har da Adamawa. Rashin takarda laifi ne mai zaman kansa, ko ba a harbi kowa ba. Idan kuma bindigar ta yaƙi ce, irin waɗanda rikicin tafkin Cadi da na Afirka ta Tsakiya suka watsa cikin daji, dokar shari'ar soja ta 2017 ta ba kotun soja hurumin laifin riƙe ta, ko da mai ita farar hula ne. Sau da yawa wannan ne ainihin abin da ke rufe bakin iyali, ba tausayin mai harbi kaɗai ba: ana tsoron a tambayi inda bindigar ta fito, da ko akwai wasu a gidan.

Maganar da aka binne ba ta mutuwa da wuri. Doka ta ba hukuma shekara 3 ta tuhumi matsakaicin laifi, shekara 10 ga babban laifi. A cikin wannan tsawon lokaci za a raba gado, wani zai ga an ƙware shi. Matar mamaci za ta gama takaba ta koma gidansu, ta faɗa wa yayyenta abin da ta ji da kunnenta a daren. Wata rana ɗayansu zai shiga ofishin mai gabatar da ƙara, kuma ba zai ce kuskure aka yi ba, zai ce an kashe surukinsu an rufe. A lokacin babu riga, babu bindiga, babu takardar likita, sai gidan da ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya cewa zazzaɓi ne. Wanda da a ranar farko zai amsa tuhumar sakaci a kotun matakin farko, yanzu tuhumar kisan kai zai fuskanta a babbar kotu, dattawan da suka shirya rufin asirin kuma a kira su su yi bayanin inda suka kai shaidu.